Tara kaɗai ba ta gyara direba: A fara rubuta wa kowa laifinsa a kan lasisi

A ƙarshen daminar da ta wuce na shiga wata motar haya ƙirar Sharon daga Kano zuwa Kaduna. Mu goma ne har da direba, a motar da aka ƙera domin mutum bakwai, ban da buhunan da aka cusa a but har ƙofarsa ba ta rufuwa sai da igiya.

Kafin mu kai Kwanar Dangora direban ya amsa waya sau huɗu. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kunne, ƙafa kuma a kan totur. Wata dattijuwa da ke bayansa ta kasa haƙuri ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka rage gudu, rayuka ka ɗauko." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, shekarata goma sha biyu a hanyar nan."

Can gaba wasu jami'ai suka tare mu. Ya sauka, suka zagaya bayan mota, bayan kamar minti goma ya dawo yana dariya. Yana tayar da mota ya ce da mu, "Karo na uku ke nan a watan nan. Ai da ma na saka shi a lissafi."

Wannan maganar ta fi gudun da ya yi da mu tsaya mini a rai. A wurinsa kamun da aka yi masa ba hukunci ba ne. Kuɗi ne irin na mai da na tasha da na ɗan kamasho. Ya biya, ya wuce, gobe ya wayi gari kamar wanda bai taɓa laifi ba. Babu takardar da za ta bi shi. Mai motar ba zai sani ba, shugabannin tasha ba za su sani ba, fasinjan da zai shiga motarsa gobe ma ba zai sani ba.

Ra'ayina shi ne, muddin laifin hanya yana ƙarewa a inda aka yi shi, ba za mu ga sauƙin haɗurra ba ko da an ninka tara sau goma. Abin da ke ladabtar da direba shi ne ya san ana ƙirga masa, kuma ƙirgar tana iya raba shi da sitiyari.

Yadda kundin direba yake aiki

A ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci, duk mai lasisi yana da kundi a rumbun bayanan hukuma. A ciki akwai ranar da ya samu lasisi, nau'in motar da aka amince ya tuƙa, laifukan da aka same shi da su, makin da kowane laifi ya jawo masa, da kuma duk lokacin da aka dakatar da lasisinsa ko aka soke shi.

Ɗauki Birtaniya. Gudun wuce sa'a mafi ƙanƙanta yana jawo tarar fam 100 da maki 3. Riƙe waya ana tuƙi, tun daga 2017, fam 200 ne da maki 6. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku, kotu kan hana shi tuƙi na wata shida. Sabon direba kuwa, idan ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko, an soke lasisin ke nan, sai ya koma ya sake jarrabawa daga tushe. Wato kamu ɗaya da waya a hannu ya ishe shi.

Biyan tara ba ya goge makin. Yawancin laifuka suna zama a kundin shekara huɗu, tuƙi cikin maye kuma shekara 11. Wanda aka hana tuƙi ya saci jiki ya tuƙa, yana iya ƙarewa a gidan yari.

Faransa ta fara nata tsarin a 1992, amma ita ragewa take yi. Ana ba direba maki 12, sabon direba maki 6, kowane laifi a cire wani abu. Ranar da suka ƙare, lasisi ya mutu. Jamus tana tara bayanan a garin Filensbag, kuma tun 2014 maki 8 ne iyaka. A Daular Larabawa ana kiran su baƙaƙen maki, 24 ne ke sa a karɓe lasisi. 'Yan uwanmu da ke tuƙi a Saudiyya sun san kyamarorin Sahir, waɗanda ke ɗaukar lambar mota su turo saƙon tara a waya ba tare da an ga fuskar jami'i ba, balle a roƙe shi.

Abin da ya ba kundin haƙora shi ne masu dubawa. A Birtaniya da Amurka kamfanin inshora yana tambayar tarihin direba kafin ya yanka masa kuɗi, kuma mai maki da yawa ya fi biya da tsada na tsawon shekaru. Kamfanin da zai ɗauki direba aiki yana dubawa. Masu ba da hayar mota suna dubawa. Saboda haka laifin minti ɗaya yana bin mutum shekara da shekaru, kuma tun kafin ya taka totur ya san da haka.

Dakatarwa ita ma tana barin tabo. Ko bayan wa'adin ya cika an mayar wa mutum lasisinsa, kundin yana nuna an taɓa dakatar da shi. Idan ya sake, hukunci na biyu ya fi na farko tsawo.

Mu ma muna da shi, a takarda

Da yawa daga cikin direbobinmu ba su san cewa Najeriya ma tana da tsarin maki ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar 2007, tana da jadawalin laifuka, kowane da tararsa da makinsa.

A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne da maki 2. Gudun wuce sa'a naira 3,000 da maki 3. Amfani da waya ana tuƙi naira 4,000 da maki 4. Tuƙi cikin maye naira 5,000 da maki 5. Lodin da ya wuce kima naira 10,000 da maki 10. Tuƙi ba lasisi mai kyau naira 10,000 da maki 10. Tuƙin ganganci naira 50,000 da maki 10.

Tsarin ya ce wanda ya tara maki 10 zuwa 14 a yi masa gargaɗi, 15 zuwa 20 a dakatar da lasisinsa na wani lokaci, 21 zuwa sama a karɓe shi.

Mu auna direbanmu na Sharon da wannan ma'auni. Waya maki 4, gudu maki 3, bel maki 2, obalodi maki 10. Jimla 19. A tafiya ɗaya tak, tsakanin Kano da Zariya, ya cancanci a ajiye shi a gida. Ga shi kuma da bakinsa ya ce karo na uku ke nan a wata guda.

Na shafe shekaru ina zirga-zirga a tashoshin mota saboda aikina, ina hira da direbobi. Na ji labarin kamu iri-iri, na ji na kwana a kotun tafi-da-gidanka, na ji na motar da aka sace wa iskar taya aka tsare ta mako guda. Amma duk direban da na tambaya makinsa nawa, kallona yake kamar na yi masa wani yare.

Ita kanta tarar ta zama wasan yara. Lokacin da aka tsara waɗannan alƙaluma litar fetur ba ta kai naira 100 ba, naira 4,000 kuwa tana sayen sama da lita 40. Yau kuɗin 'yan litoci ne. Direban da ya ƙara fasinja uku a tafiya ɗaya ya riga ya ci ribar da ta biya tarar, har da canji.

Inda gizo ke saƙar

Dalili huɗu nake gani suka hana tsarin motsi.

Na farko, sulhun bakin hanya. Laifin da aka kashe da na goro bai shiga kwamfuta ba, don haka bai faru ba. Kuma gaskiya ita ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa direban ne ke fara miƙa hannu, mu fasinjoji kuma muna daga ciki muna cewa, "Direba, ka sallame su mana mu tafi, rana tana yi."

Na biyu, masu kamu sun yi yawa, littafinsu kuma daban-daban. Akwai FRSC, akwai 'yan sanda, akwai jami'an duba lafiyar motoci da ake kira VIO, sannan jihohi suna da nasu: KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, LASTMA a Legas. Direban da aka kama da aron hannu a Kano ranar Litinin, aka kama shi da tsallake danja a Kaduna ranar Laraba, aka sake kama shi a Abuja ranar Juma'a, a idon kowace hukuma baƙo ne mai laifin farko. Hatta ikon wasu daga cikinsu ana ta shari'a a kansa. A watan Oktoban 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin ba su da hurumin tsayar da motoci, ƙwace su ko cin tara. Tsarin da ba a ma daidaita waye mai ikon kamu ba, da wuya ya iya riƙe lissafin laifi.

Na uku, lasisin kansa. Ba a dakatar da abin da babu shi. Ku shiga duk wata tashar adaidaita sahu ko majalisar 'yan acaɓa ku tambayi masu lasisi, za ku sha mamaki. Wasu kuma suna da kati a aljihu, amma ta hannun dillali aka yi shi, ba su taɓa zuwa an ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu ba, lambar kuma ba ta cikin rumbun hukuma. A ƙa'ida sai mutum ya yi makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, VIO sun gwada shi, ya biya kuɗi ga hukumar tara haraji ta jiha, sannan FRSC ta buga katin. A aikace kowa ya san akwai gajeriyar hanya.

Na huɗu, babu mai tambaya. Inshorar dole da ake yi wa motoci, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga ƙananan motocin gida a farkon 2023, farashi ɗaya ne ga kowa. Wanda ya shekara 20 bai taɓa goge ko madubin wani ba, da wanda ya kifar da mota uku, kuɗinsu ɗaya. Mai mota kuma idan zai ba da ita haya, tambayarsa ita ce wa ya tsaya wa direban da kuma nawa zai riƙa kawo balas. Direban da aka kora daga wannan tasha saboda ganganci, sati mai zuwa yana lodi a waccan.

Abin da muke biya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowa yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

A Najeriya alƙaluman FRSC sun nuna sama da mutum 5,000 sun mutu a 2023, haka ma a 2024. Waɗannan su ne waɗanda aka rubuta. Wanda aka kwasa daga bakin hanya aka yi masa sutura a ƙauye kafin la'asar, ko wanda ya cika a gida bayan mako biyu, sau da yawa ba ya shiga lissafi. Kuma shekara bayan shekara hukumar tana nuna gudun wuce sa'a a matsayin babban sanadi.

Ba mu manta da ƙarshen watan Mayun 2025 ba, lokacin da motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu, ana saura ƙiris su iso gida. Irin wannan rana kowa yana kuka, a yi ta'aziyya, a yi alƙawarin bincike. Bayan sadakar bakwai sai a koma gidan jiya.

Na san abin da za a ce: ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Da kuskure ba shi da mai shi, da ba a ɗora wa kowa azumin wata biyu a jere ba. Malamanmu suna shan tambaya daga direbobi a kan wannan hukunci. To idan shari'a ta riƙe wa mutum lissafin ran da ya salwanta ta hannunsa, me zai hana hukuma ta riƙe masa lissafin gangancin da ke kai wa ga hakan tun kafin a rasa ran?

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja

Ba zan ɓoye ba, akwai abin tsoro a cikin abin da nake kira a yi.

Direban haya lasisinsa shi ne gonarsa. Ka dakatar da shi wata shida, ka dakatar da tukunyar gida mai mutum goma. Kuma ba kullum son zuciya ke sa shi obalodi da gudu ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mai ya ninka, kayan gyara sun yi tsada, mai mota yana jiran balas, tasha tana karɓar nata, shingaye suna karɓar nasu. Idan bai yi sawu biyu a rana ba, ba zai kai komai gida ba. Hukunta shi shi kaɗai, a bar mai motar da ya ƙayyade masa balas ɗin da ba ya samuwa sai da gudu, zalunci ne.

Na biyu, duk sabon makami da aka ba jami'in da ba shi da amana, farashin cin hanci kawai zai ɗaga. Wanda yake karɓar dubu ɗaya don ya yafe tara, zai nemi dubu goma don ya yafe maki.

Na uku, wa za a fara da shi? Mun ga ayarin manya suna aron hannu da jiniya, mun ga motoci masu lambar da aka rufe da leda, mun ga 'ya'yan masu hali suna wasan mota a ranar ɗaurin aure. Idan makin zai tsaya a kan mai Golf da mai adaidaita ne kawai, gara a bar shi a takardar.

Akwai darasi daga Amurka a nan. Jihohi da dama sun daɗe suna dakatar da lasisin mutane saboda sun kasa biyan tara, ba don tuƙinsu yana da haɗari ba. Sakamakon shi ne talaka ya rasa lasisi, ya rasa hanyar zuwa aiki, ya ƙara kasa biya, ko kuma ya ci gaba da tuƙi a ɓoye a sake kama shi da laifin da ya fi na farko. Kalifoniya ta daina wannan a 2017, Bajiniya ma ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Kada mu ɗauko abin da masu shi suka yar.

Sannan binciken da aka yi a ƙasashen da suka kawo tsarin maki ya nuna haɗurra kan ragu sosai da farko, amma tasirin yana dusashewa idan direbobi suka lura ba a kamu. Faransa ta sauko daga mutuwar sama da mutum 16,000 a 1972 zuwa ƙasa da 3,500 a 'yan shekarun nan, amma ba maki kaɗai ya yi aikin ba. Akwai dokar bel, akwai gyaran hanyoyi, akwai kyamarorin gudu da aka fara kafawa a 2003. Maki ba laya ba ne.

Duk da haka waɗannan hujjoji suna nuna yadda ya kamata a gina tsarin ne, ba su nuna a bar shi ba. Domin ita ma dattijuwar da ke bayan direba tana da iyali. Ɗalibin da ke gaban mota, wanda aka matse shi da wani a kujerar mutum ɗaya, shi ma wani ne gatansa. Tausayin da ya tsaya a kan direba ya manta da mutum tara da ke bayansa, tausayi ne mai ido ɗaya.

Yadda nake ganin za a yi

Kundi ya zama ɗaya. Tunda an riga an ɗaure lasisi da lambar NIN, duk hukumar da doka ta ba ikon kamu, ta tarayya ce ko ta jiha, ta riƙa shigar da laifi wuri guda. Bankuna sun yi haka da BVN tun 2014, shi ya sa wanda ya ci bashi a wannan banki ba ya ɓuya a wancan. Abin da aka iya yi saboda kuɗi, ana iya yin sa saboda rai.

A raba laifin haɗari da laifin takarda. Gudu, waya, maye, aron hannu, tsallake danja, obalodi da wuce mota a kwana, su ne za su ɗauki maki. Rashin abin kashe gobara ko takardar da ta ƙare jiya, a ba mutum wa'adi ya gyara. Kuma kada a taɓa dakatar da lasisi don kawai mutum ya kasa biyan tara. A ba shi damar biya kaɗan-kaɗan.

A rage haɗuwar hannu da hannu. Legas ta fara amfani da kyamarori masu karanta lambar mota. A manyan hanyoyi irin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, kyamara ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. Inda dole sai jami'i, ya kasance da kyamara a ƙirjinsa, biya kuma ta banki kawai.

Direba ya san matsayinsa. Duk lokacin da aka rubuta masa maki, saƙo ya shigo wayarsa, da Hausa ga mai jin Hausa: laifi kaza, wuri kaza, makinka yanzu kaza. Ya iya duba kundinsa da ƙaramar waya. Kuma ya samu inda zai kai ƙara cikin sauƙi idan an yi masa ƙage, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Dakatarwa mai tsawo kuwa kotu ce ya kamata ta yanke ta, ba jami'in bakin hanya ba.

A bar ƙofar tuba a buɗe. A Faransa direba yana iya zaman kwas na kwana biyu a mayar masa da maki har 4, sau ɗaya a shekara. A Birtaniya mai ƙaramin laifin gudu ana iya ba shi zaɓin kwas maimakon maki. Mu ma makin ya riƙa gogewa bayan shekara biyu ko uku ga wanda ya kiyaye.

Mai mota da tasha su ɗauki rabonsu. Idan an kama motar haya da obalodi, ko an cire mata na'urar taƙaita gudu da aka wajabta wa motocin haya tun 2017, laifin ya hau kan mai motar da tashar da ta yi lodin. Ƙungiyoyi irin su NURTW da RTEAN da NARTO suna da rajistar mambobinsu, suna karɓar kuɗi kullum. Su ne suka fi kowa sanin direban da ke shan ƙwaya kafin ya tashi. A wajabta musu duba kundin direba kafin a ba shi layi.

Mai kyakkyawan tarihi ya ga amfaninsa. Kamfanonin inshora su rage wa wanda ya shekara biyar ba maki. Ma'aikatun gwamnati, makarantu masu motocin ɗalibai da kamfanonin sufuri su sa kundin cikin sharuɗɗan ɗaukar direba. Ranar da tsabtataccen kundi ya zama abin da ake samun aiki da shi, direbobi da kansu za su riƙa tsaron sa kamar yadda ɗan kasuwa ke tsaron sunansa.

A fara daga sama. Direbobin gwamnoni, ministoci, 'yan majalisa da sarakuna su ne ya kamata a fara buɗe wa kundi. Ranar da aka ji an dakatar da lasisin direban wani babba saboda aron hannu, ranar ce direban tasha zai yarda da gaske ake.

Kafin hukuma ta motsa

Akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Idan kana da lasisi, ka tabbatar na gaske ne, kai da kanka ka je aka ɗauki hotonka da yatsunka. Idan an kama ka da laifin da ka san ka yi, karɓi takardar ka biya a banki, ka ajiye rasit. Idan kana da mota za ka ba direba, kada ka tsaya a kan wa ya kawo shi. Je tashar da ya baro ka tambayi dalilin barinsa. Iyakar gudu a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ce a sa'a ga ƙaramar motar gida, 90 ga motar haya, 60 ga tirela da tanka, cikin gari kuma 50 ga ƙananan motoci. Mai mota ya san wannan kafin ya yanka wa direbansa balas.

Mu fasinjoji kuma mu daina zama 'yan kallo. A motar nan ta Kaduna, dattijuwar nan kaɗai ta yi magana. Mu takwas da muka rage, har da ni, shiru muka yi, wani ma cewa ya yi a ƙyale direba ya yi aikinsa, yana da uzuri a Kaduna kafin azahar.

Mun isa lafiya, alhamdu lillahi. Da muka sauka a Kawo na ga direban ya juya mota ya shiga layi, yaran tasha suna ta kiran fasinjan Kano. Wata mata da goyo da yara biyu tana ciniki a bakin ƙofa. Ba ta da hanyar sanin cewa sau uku aka kama shi a watan. Ba ta da hanyar sanin cewa, da ana bin abin da ke rubuce, ranar ba shi ne zai ja motar ba. Ta biya, ta miƙa yaran ciki, ta shiga.